Ƙwarin Don Ubaldo

Sakamakon ya fito ranar Laraba da ƙarfe tara da kwata, lokacin da butar ruwan shayin mate ke kan wuta a ɗan kicin ɗin cibiyar. Zulma Vilte ba ta shiga kicin ɗin ba. A kan matakala ta tsaya da waya a hannu, ta bi sunayen waɗanda suka samu tun daga sama har ƙasa, ta sake bi daga ƙasa zuwa sama. Sai a jeri na biyu ta ga nata, na waɗanda aka ce su sake gwadawa baɗi.

Hukumar da ke raba tallafin bincike takan sa alƙaluma a ƙarshen jerin: mutum nawa suka nema a kowane fanni, nawa suka dace. Masu bincike sun fi haddace waɗannan alƙaluma a kan ranar haihuwar 'ya'yansu. Bara, a fannin ciwon daji, ɗaya cikin uku ya samu. A ciwon zuciya, ashirin cikin saba'in. A fannin cututtukan da ƙwari ke yaɗawa kuwa, wanda shi ne nata tun tana ɗaliba, mutum tamanin suka nema, biyar suka samu. Shekara uku a jere ana barin ta a baya.

Shi ya sa bana ta yi dabara. A shafin farko na fom akwai gurbin da mai nema zai zaɓi fanninsa. Ƙwaron vinchuca mai shan jini ke yaɗa cutar Chagas, ita kuwa Chagas a zuciya take ƙarewa, ta kumbura ta har ta gaji ta tsaya. Sai Zulma ta danna ciwon zuciya, ta ƙara 'yan layuka a kan tsokar zuciya, ta tura. Ba ta gaya wa kowa ba.

Yanzu ga alƙaluman bana a tafin hannunta. Ciwon zuciya: ɗari da sittin suka nema, ashirin suka samu. Ƙwari: goma sha biyu suka nema, biyar suka samu. Ashe duk masu ƙwarin ƙasar sun karanta abin da ta karanta, sun yi tunanin da ta yi, kowa a ɓoye, kowa yana ganin shi kaɗai ne mai wayo.

A wannan cibiya ɗaki yana bin tallafi. Darakta ya faɗa tun watan Maris: ɗaki na huɗu, wanda shi kaɗai ake iya daidaita zafinsa da laimarsa, na wanda ya samu ne. In Zulma ta sake faɗuwa, ƙwarinta za su shiga firiza su mutu, a wanke ɗakin.

Ta sauka ƙasa, ta sa farar riga, ta shiga.

Zafin ɗakin ya tare ta, da warin kaji da na tsohuwar takarda. Don Ubaldo Yapura yana tsaye a gaban tebur yana ciyarwa. Ya ɗaure kaza a kan ɗan katako da igiyar yadi, ya ɗaga fiffikenta, ya kifa kwalba mai bakin raga a jikinta, ƙwarin suna zuƙa ta ramukan ragar. Shekararsa sittin da huɗu, ashirin da uku daga ciki a wannan ɗaki ya yi su. Shi ya kawo kakannin ƙwarin nan, guda talatin, daga wata bukkar ƙasa kusa da iyakar Bolibiya, wadda aka fesa wa magani sau uku ba su mutu ba. Sauran kwalabe goma sha uku suna jere a kan doguwar kantar ƙarfe. Biyu daga ciki an zagaye su da jan tef, alamar ƙwarin ciki na ɗauke da cutar. Shi kansa yana ɗauke da ita tun yana yaro, akwai batirin da ke daidaita bugun zuciyarsa a ƙarƙashin fatar ƙirjinsa na hagu.

Ya dube ta, ya tura dunƙulen ganyen koka da yake taunawa daga kunci ɗaya zuwa ɗaya.

"Ba sai kin faɗa ba, Doctora. Fuskarki ta riga ki shigowa."

"Ba mu samu ba, Don Ubaldo."

"Nawa cikin nawa bana? Biyar cikin ɗari?"

"Kusan haka," ta ce, tana kallon ƙafar kazar.

"To, ba laifinki ba ne. Cutar talaka ce, ministoci ba sa kwana a bukka." Ya shafa wuyan kazar, ya kira ta da sunanta. "Doña Pancha, kin ji ko? An sake korar mu."

Ƙofa ta buɗe ba ƙwanƙwasawa. Dakta Elvio Zerda ne, na fannin ciwon daji, ba farar riga, hannun shet a naɗe, tef ɗin awo a hannu. Dogo ne mai ƙiba, ya buga ƙwallon rugbi a jami'a kuma ba ya bari a manta. Sunansa na huɗu a jerin farko.

"Che, Zulmita, na yi miki jaje," ya ce, da "che" ɗin nan da mutanen ƙasar ke kiran juna da shi. "Ba zan daɗe ba. Kejin ɓerayena na zuwa Litinin, ina so in ga ko za su shiga ta bangon nan."

"Rufe ƙofar, Elvio."

Ya tura ta da dunduniya. Ya ja tef ɗin, ya miƙa shi a jikin bango, yana fito.

"Amma kin ba ni mamaki. Na buɗe jerin ina neman ki wajen masu kyankyasai, sai na tsince ki cikin likitocin zuciya. Yaushe kika fara duba marasa lafiya ba mu sani ba? Ga ƙirjina, saurara min."

"Ba yanzu ba."

"Sha biyu fa, che. Sha biyu suka nema, biyar suka samu. Har Griselda Lezcano ta garin Resistencia ta samu, wadda ba ta da ko firji mai kyau. Da jaki ya cika fom ɗin nan da sunan ƙwaro, da yanzu yana sayen sabuwar mota."

Don Ubaldo ya ɗaga kwalbar daga jikin kazar a hankali, ya ɗora ta a kan kantar cikin 'yan uwanta. Sai da ya gyara mata zama sannan ya juyo.

"Doctora, me yake cewa?"

Elvio ya riga Zulma amsawa.

"Cewa nake, tsoho, uwar ɗakinka ta ji kunyar ƙwarinka," in ji Elvio. "Ta kai su wurin masu zuciya, su kuma suka ce ba su ga mara lafiya ko ɗaya a takardar ba."

"Da gaske ne, 'yata?"

"Lissafin bara na bi, Don Ubaldo. Na ga kamar can ya fi..."

Bai tsaya jin ƙarshen ba. Idonsa ya koma kan Elvio, wanda ya dafa kantar da tafin hannu yana miƙa tef ta saman kwalabe.

"Dakta, cire hannunka daga nan. Ba a kafe take ba."

"Kantar nan tawa ce tun ƙarfe tara da kwata." Elvio ya bubbuga ta, kwalabe suka yi ƙara. "In kana tausayinsu, zuba su a buhu ka mayar da su bukkar da ka fito. Ai da su aka yaye ku."

Akwai katako na biyu a kan tebur, na ɗaure kaza. Zulma ta ga hannun tsohon ya je gare shi, ta kuma ga ba za ta isa ba. Da gefen katakon ya buga. Hancin Elvio ya yi wata 'yar ƙara kamar an karya ɗanyen kara, jini ya zubo masa har cikin baki. Ya ja baya taku ɗaya, ya taɓa fuskarsa, ya dubi yatsunsa. Sai ya dunƙule hannu ya kai naushi da dukan nauyinsa, ya sauka a ƙirjin hagu, daidai kan batirin.

Don Ubaldo ya tafi baya, bakinsa a buɗe, ganyen koka ya faɗo. Ya miƙa hannu neman abin kamawa, ya kama ƙafar kantar. Kantar ta biyo shi.

Ƙarar ta daɗe kafin ta ƙare. Kwalba goma sha huɗu, ba wadda ta tsira. Gilas ya watsu ko'ina, takardun da ƙwarin ke ɓuya a ciki suka bazu, sannan ƙasan ɗakin ya fara motsi. Baƙaƙe ne masu faɗi, da ɗigon ruwan goro a gefe, manya kamar kan babban yatsa, ƙanana kamar ƙwayar gero. Waɗanda suka ƙoshi suna jan ciki, masu yunwa suna gudu neman duhu: ƙarƙashin tebur, bayan famfo, ƙafar wando.

Zulma ta ga guntun jan tef a manne da fasasshen gilas. Ta juya ta murɗa makulli, ta zare shi, ta tura tawul a ƙasan ƙofa da ƙafa.

"Buɗe," in ji Elvio. Gilas ya yanke shi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, jini na ɗiga daga yatsunsa.

"Ba mai fita sai an ƙirga su. Sittin da huɗu na da cutar, kuma sun gauraya da sauran."

"Ba ki ga hannuna ba?"

"Na gani. Akwai uku a wandonka. Za ka kai su gida wurin 'ya'yanka?"

Ya dubi wandon, ya yi tsalle, ya kaɗe da hannu. Sannan ya nufo ta. Ya damƙi wuyan rigarta ya buga bayanta da ƙofa, har haƙoranta suka datse harshenta, ta ji gishirin jini. Da ɗaya hannun ya kama yatsunta yana lanƙwasa su baya ɗaya bayan ɗaya don ya ƙwaci makullin. Ta ji ƙaramin yatsan ya goce daga mazauninsa. Ba ta taɓa dukan mutum ba a rayuwarta. Ta sunkuyar da kai ta kai goshinta kan karyayyen hancin nan.

Ya sake ta ya durƙusa, yana wani gurnani. Ta ɗaga gefen tawul, ta cilla makullin ta ƙarƙashin ƙofa zuwa baranda, ta mayar da tawul ɗin. A waje an taru, ana bubbuga ƙofa, ana kiran sunanta.

"Kwalabe sun fashe, har da masu jan tef," ta ce ta jikin katakon. "Ku kira motar asibiti ta jira. Duk wanda ya buɗe kafin in ce a buɗe, shi zai yi wa ma'aikatar lafiya bayani."

Bugun ya tsaya.

Ta je ta ɗaga kantar da kafaɗa, Don Ubaldo ya ja jikinsa ya fito. Ya jingina da bango, fuskarsa ta yi launin toka, kansa ya tsage sama da kunne. Ta kama wuyan hannunsa, bugun yana zuwa yana tsallake ɗaya.

"Bar ni," ya ce. "Ɗauko hantsaki da sifirit. Duba lambobin da ke littafi."

Littafin ya nuna ƙwari ɗari biyar da ashirin da uku.

Elvio ya miƙe yana tangaɗi. Ya buɗe ƙarƙashin famfo ya ɗauko gwangwanin maganin kyankyaso da masu shara ke ajiyewa, ya hau fesawa, a ƙasa, a bango, a ƙafarsa, har gwangwanin ya ƙare. Ɗakin ba taga. Idanunsu suka kama wuta, su ukun suna tari. Ƙwarin suka ratsa ta cikin jiƙaƙƙen wurin, bayansu na sheƙi da maganin, suka ci gaba da tafiyarsu.

Don Ubaldo ya yi dariya har ta koma masa tari.

"Shekara ashirin da uku muna rubuta wa gwamnati cewa ba ya kashe su, Dakta. Kai ne mutum na farko daga sama da ya zo ya gani da idonsa."

Wani babba mai cikakken ciki ya hau gwiwar Elvio. Kafin Zulma ta yi magana ya kai masa mari da tafin hannu. Ƙwaron ya fashe, baƙin jini da kashi suka fantsama har cikin yankan.

"Ba cizonsu ke sa cutar ba, kashinsu ne," ta ce. "Kawo hannun."

Ta ja shi zuwa famfo, ta buɗe bakin yankan da yatsunta, ta tuttula sifirit. Ya buga kansa a bango sau biyu, bai yi ihu ba. Ta ɗaure da guntun rigarta, ta danƙa masa hantsaki a ɗaya hannun.

"Kama ta baya, kar ka matse ciki. Jefa a kwalbar nan, ka faɗi lamba."

Kazar ta kuɓuce daga igiyarta tun faɗuwar kantar. Tana ta fiffika daga tebur zuwa famfo, ƙirjinta a yanke, tana tsattsage ƙwari da baki tana watsa su. Don Ubaldo ya kira ta da ɗan sautin da yake yi mata kullum da safe. Ta zo, ta tsaya a gefen ƙafarsa. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, ya duba gashinta da ya ɓaci da kashin ƙwari, ya shafa ta sau ɗaya. Sai ya kama kan ya murɗa. Ƙafafunta suka daɗe suna shure-shure a kan wandonsa. Ya zare wuƙar aljihu ya tsaga maƙoƙonta, ya ciro abin da ta haɗiye.

"Bakwai," ya ce. "Ki rubuta."

Haka suka yi, a kan gwiwoyinsu, cikin gilas. Zulma ta san wasu daga cikinsu da ido: tsohuwar macen da ƙahonta ɗaya ya guntule, zuriyar kwalba ta tara da suka fi kowa saurin girma. Kowanne ta ɗaga, yana harba ƙafafu a bakin hantsaki, ta sake shi cikin sifirit, ya yi iyo kaɗan ya nutse. Ɗari da arba'in. Ɗari biyu da shida. Yatsanta ya kumbura ya zama kamar na wani. Elvio yana faɗin lambobinsa da toshewar hanci. Waɗanda kantar ta murƙushe sai suka ƙirga kawunansu. Suka kwance famfo, suka juye tebur, suka tuɓe takalma da safa. Ta ciro biyu daga ɗinkin wandon Elvio, ɗaya daga cikin gashinta, ɗaya kuma daga wuyan rigar Don Ubaldo, ya riga ya kafa baki yana sha, tsohon bai ma ji ba.

Ƙarfe uku saura kaɗan suka kai ɗari biyar da ashirin da biyu. Na ƙarshen wani ɗan mitsitsi ne, ya lafe a cikin ramin makulli. Da allura ta zaƙulo shi.

Ta zauna a ƙasa, ta dubi kwalbar sifirit ɗin. Ta cika har wuya, baƙi ƙirin.

"Kin gama?" in ji Don Ubaldo. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "To duba ƙarƙashin takardun. A hankali."

Ta ɗaga wata naɗaɗɗiyar takarda. Ƙwai ne, farare da masu ruwan hoda, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙwan vinchuca ba ya gadon cutar daga uwarsa. Ta ɗauko ɗan burushi ta riƙa tsinto su daga cikin garin gilas tana zubawa a wata 'yar kwalba. Da yawa sun fashe. Masu kyau arba'in da ɗaya.

"Kwana goma za su fara ƙyanƙyashewa," ta ce. "Zan roƙi darakta. Ko kusurwa ɗaya ce..."

"Ba ki da ɗaki, Doctora. Bayan abin da ya faru yau, ko kujera ba zai ba ki ba." Ya miƙo hannu. Ta ba shi kwalbar, ya sa ta a aljihun ƙirjinsa na dama, ya maɓalle. "Kira Griseldar nan da ta samu."

"Shekara ashirin da uku ne, Don Ubaldo. In sun tafi can, sunanta za su ɗauka."

"Na san shekarun. Ni na yi su."

Ta ce a buɗe ƙofa. Masu motar asibiti suka shigo da gadon ɗauka, suka tsaya cak a bakin ƙofa suna kallon ƙasa. Elvio ya tsaya kusa da ita, yana riƙe da hannunsa.

"Wanda na fasa," ya ce, "daga masu jan tef yake?"

"Ba yadda za a sani. Za ka sha magani wata biyu. Zai fito maka da ƙuraje, wataƙila ƙafafunka su riƙa zafi."

"Babu wani sabo?"

"Shi ne dai wanda aka ba kakanninmu."

Ya wuce. Suka ɗora Don Ubaldo a kan gadon, ɗayansu ya kai hannu zai buɗe masa riga, tsohon ya dafe aljihun ya ce a yanka ta ɗaya gefen. Bai dubi Zulma ba har suka fita da shi.

Ta nemo wayarta a bayan famfo, fuskar ta tsage. Da babban yatsa ta nemo lambar. Sau biyu ta yi ƙara aka ɗauka, ana jin hayaniyar mutane da ƙarar kofuna a baya.

"Zulmita, likitar zuciya," in ji Griselda Lezcano tana dariya. "Yanzu muke maganarki. Ku nawa ne kuka gudu kuka bar mana gida?"

"Na taya ki murna, Griselda."

"Me ya sami muryarki, che?"

"Harshena ne. Kina da wuri mai ɗumi a ɗakinki? Ƙwai arba'in da ɗaya ne, na ƙwarin iyaka. Su kaɗai suka rage."

Dariyar ta tsaya. Griselda ta yi wa na kusa da ita magana, hayaniyar ta ragu.

"Ƙwarin Don Ubaldo?"

"Su ne."

"Ki sa su a motar gobe da safe, cikin auduga, kar direba ya ajiye su kusa da iskar sanyi. Ki haɗo da littattafansa duka, tun daga na farko."

"Har da littattafan?"

"Me zan yi da ƙwai ba tarihinsu?"

Zulma ta dubi inda littattafan suke, guda tara a jere a wani ɗan lungu da ke jikin bango, bayansu ya ƙoƙe da zufar hannu.

"To," ta ce. "Zan haɗo."